Kafin Aikinka Ya Hau Bango: Abin Yi Da Abin Bari

Da kai nake, kai da aka ba ka bango a zauren baje koli, ko wani gidan tarihi ya aiko maka da takardar gayyata. Ko da fenti kake aiki, ko zayyana kake a allo, ko sassaƙa, ko ginin tukwane, ko dukanci, hukuncin ɗaya ne. Daga ranar da aikin ya bar ɗakinka zai bi ta hannun mutanen da ba su san shi ba: direba, ɗan dako, jami'in kwastan, kafinta, mai shara, mai gadi. Ba su ga wahalar da ka sha ba, kai kuma ba ka nan balle ka yi musu bayani. Duk abin da ba ka tanada ba, ba ka kuma rubuta ba, su za su yanke shi da nasu tunanin.

Kada ka amsa gayyata ba ka ga ɗakin ba. Ka je da ƙafarka, da tef a hannu. Ka auna faɗin ƙofa da tsawonta, da kwanar matakala, da nisan rufi daga ƙasa. Ka ƙwanƙwasa bango ka san ko bulo ne, ko katako, ko ginin ƙasa. Ka tambaya ko an yarda a huda shi. Gini irin Gidan Makama na Kano, wanda tarihinsa ke komawa zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, shi kansa kayan tarihi ne, kuma babu hoton da ya kai darajar a fasa bangonsa dominsa. Idan wurin ya yi nisa, ka sa a aiko maka da taswirar ɗakin mai ɗauke da awo.

Kada ka kai ɗanyen aiki. Fentin mai yakan bushe a sama alhali cikinsa da sauran laushi, shi ya sa masu sana'ar ke jiran wata 6 kafin su shafa masa man kariya mai sheƙi. Wanda ya gama zane daren jajibiri ya naɗe shi ya sa a mota, zai kwance ya tarar da sawun leda a fuskar aikin, kuma babu gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ajiye buroshi da sauran makonni, ka bar wa firam da akwati da takardu lokacinsu.

Kada kunya ta hana ka neman yarjejeniya a rubuce. A nan ne mafi yawan matasanmu ke faɗuwa, don mai zauren babba ne, ko abokin malaminsu ne, sai su ga neman takarda kamar rashin ladabi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kai kuwa dukiyarka ce za ka bar wa wani na tsawon watanni. Takardar ta faɗi sunan kowane aiki da girmansa da farashinsa. Ta faɗi la'adar zauren. A manyan zaurukan kasuwanci rabi da rabi ne aka saba, to ka sani tun yanzu, kada ka ji shi bayan ciniki ya faɗa. Ta faɗi wanda zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa, da kwanakin da za a ɗauka kafin a biya ka idan an sayar, da ko an yarda a yi wa mai saye ragi ba da saninka ba. Sannan inshora: wa ya ɗauke ta, daga yaushe zuwa yaushe? Wadda ta fara aiki sai kaya sun isa zaure ta bar ka a fili, domin a hanya da lokacin lodi da saukewa ne aka fi yin ɓarna.

Ka ɗauki hoton kowane aiki gaba da baya da kusurwoyinsa huɗu, da rana, ka rubuta duk wani tabo ko tsaga da ke jikinsa. Ku duba tare da mai karɓa, ku sa hannu ku biyu. Ranar dawowa da wannan takardar za a yi hukunci.

Ka rubuta a bayan aiki inda sama take. Kada ka ce ai kowa zai gane. A 1961 babban gidan zanen zamani na New York ya rataya wani aikin Henri Matisse kai a ƙasa, ya yi kwana 47 a haka, har sai da wata mai kallo ta lura. A 2022 aka gano a Dusseldorf ta Jamus cewa wani aikin Piet Mondrian ya haura shekara 70 ana nuna shi a juye, kuma aka bar shi yadda yake, don tsoron kada zirin takardun da aka manna masa su ɓalle in an juya. Waɗannan gidaje ne masu ƙwararru da kuɗi. Kibiya ɗaya da fensir a jikin katakon baya ta isa. Kada ka yi ta da biro ko maka a kan yadin zanen, tawadar takan ratso ta fito gaba.

Idan aikinka guntu-guntu ne da ake harhaɗawa a wurin, ka sa wa kowane guntu lamba, ka zana yadda suke haɗuwa, ka haɗa da hoton aikin a tsaye. Kuma ka nemi a nuna wa masu shara da masu gadi abin da yake aiki da abin da ba aiki ba. A 2004 a gidan zane na Tate da ke Landan, mai shara ya kwashe wata ledar tarkace ya zubar, ashe ɓangare ce ta aikin Gustav Metzger. A 2011 a Dortmund wata mai goge-goge ta kankare wani busasshen tabo a ƙarƙashin aikin Martin Kippenberger, tabon da shi ya sa da gangan. Ni ban ga laifin mutanen nan ba. Aikinsu tsafta ne, kuma sun yi shi da gaskiya. Laifin na wanda ya san sirrin ne bai faɗa musu ba.

Za ka ji ana cewa ai El Anatsui, ɗan Gana da ya yi shekaru yana koyarwa a Nsukka, ba ya tilasta yadda za a rataya manyan shimfiɗunsa na murafen kwalba da wayar tagulla, yakan bar wa masu ratayawa su lanƙwasa su yadda ɗaki ya ba su. Gaskiya ne. Amma shawara ce da ya yanke da saninsa, ya gina aikin yadda zai jure lanƙwasa, ya kuma sanar da kowa. Kada ka fake da sunansa ka rufe kasalarka.

Ka ji tsoron iska. A hunturu laimar iska a Kano ko Damagaram takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, a tsakiyar damina kuma ta yi sama ƙwarai, ga Legas da kusan kullum a jiƙe take. Itace da fata da ƙwarya da takarda suna shan laima su kumbura, su bushe su tsuke, a nan tsaga take fitowa. Gidajen tarihi suna ƙoƙarin riƙe laima tsakanin kashi 40 da 60, kuma abin da suka fi gudu shi ne sauyi na farat ɗaya. Don haka idan akwati ya iso daga wani yanayi, kada ka buɗe shi nan take. Ka bar shi a ɗakin ya kwana ya wuni. Kada ka rataya komai a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, ko a bangon da rana ke duka ta baya, ko inda ka ga sawun yoyo a rufi.

Haske kuma ɓarnarsa ba ta dawowa. Takarda da tufa da launin ruwa ba a so haskensu ya wuce awo 50 na ma'aunin da ake kira lux, fentin mai kuwa yana ɗaukar wajen 200. Hasken rana kai tsaye ya ninka wannan sau ɗaruruwa. Idan rini ka kawo ko saƙa ko zayyana, ka ƙi bangon da ke fuskantar taga, ko da shi ne mafi kyau a ɗakin. Ka gargaɗi ma'aikatan zauren a rubuce cewa tawadarmu ta gawayi da ƙaro ruwa ke wanke ta, don kada wani ya ga ƙura ya kawo jiƙaƙƙen tsumma. Ka faɗa musu shunin da aka buga yana zuba a hannu da farin bango. In kuwa akwai ayar Alƙur'ani a jikin aikin, sharaɗin mutunta ta ya shiga yarjejeniya tun farko: ba a ajiye shi a ƙasa ko lokacin kwance kaya, ba a tsallaka shi, ba a rataya shi a hanyar bayan gida ko inda za a sha giya ranar buɗewa. Ma'aikacin da ba Musulmi ba bai san wannan ba, kuma mafi yawansu za su kiyaye idan an gaya musu.

Kada ka shigar da ƙwaro gidan mutane. Ka duba ƙarƙashin sassaƙa da ƙwarya: idan ka ga ƙananan huda da gari mai laushi yana zuba, akwai mai ci a ciki. Kada ka fesa fiya-fiya ko kananzir, suna ɓata launi, suna cutar da mai taɓawa. Ka sanar da gidan. Hanyarsu ita ce a rufe abin ruf a leda a daskarar da shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na mako guda, amma ba a yi wa zanen fenti haka.

Wajen ɗauri, kada jarida ta taɓa aiki, tawadarta na kamawa. Kada salatif ya taɓa shi. Ledar nan mai ƙurajen iska, ƙurajen su kalli waje, kuma a sa takarda mai santsi tsakaninta da fenti. Hotuna a tsaye suke tafiya, fuska da fuska ko baya da baya, da kwali a tsakani. Tukunya da hannu biyu ake ɗaukarta ta gindi, ba ta baki ko mariƙi ba, kuma akwati biyu take so, ƙarami a cikin babba, da abu mai laushi a tsakaninsu. Tukwanen Ladi Kwali sun tashi daga tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, aka nuna su a Landan a 1958, lokacin da hanya ta fi ta yanzu wuya, don haka babu uzuri. Kada ka miƙa aikin wata shida ga yaron mota a tasha ya ɗaure shi a sama tare da buhunan albasa.

Idan ƙetare za shi, ka fara da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Dokar 1979 da ta kafa ta ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba izini, jami'in filin jirgi kuwa ba aikinsa ba ne ya bambance sabuwar sassaƙarka da tsohuwa; takardar hukumar ce za ta yi maka magana. Katakon akwatin ya zama wanda aka gasa aka buga masa hatimi, in ba haka ba wasu ƙasashe za su tsare shi. Hauren giwa kada ka kusance shi. Fatar kada da ta mesa da ta guza suna ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta kare namun daji, ba takarda ƙwacewa ake yi. Dukawa su riƙe wannan da kyau.

Ranar ratayawa ka zo da wuri, da kayan aikinka. Tsakiyar hoto ta tsaya wajen santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsayuwa, kuma daga tsakiya ake awo, ba daga saman firam ba. Maƙalai biyu za ka sa, kada ka dogara da igiya ɗaya a ƙusa ɗaya. Ka auna nauyin aiki a sikeli ka rubuta a jikin akwati, kada ka kintata. A 1971 a Minneapolis ta Amurka, farantin ƙarfe mai nauyin tan 2 na wani aikin Richard Serra ya faɗo wa ma'aikacin da ke kafa shi, ya mutu. Duk abin da ke tsaye ka girgiza shi da hannunka, ka tuna ’yan makaranta za su shigo a guje. Idan aikin na buƙatar lantarki, ka tambayi abin da zai faru in an ɗauke wuta, ka manna takardar kunnawa da kashewa inda mai gadi zai gani.

Kada ka ɗaga wa masu ratayawa murya. Sun fi ka sanin bangon nan. Ka san sunayensu, ka ciyar da su in aiki ya kai dare. Idan mai tsara baje kolin ya ce a cire uku daga cikin goma, ka saurare shi. Bango ba rumfar kasuwa ba ce da ake so a ga yawan haja.

Ka karanta ƙaramar takardar da za a manna gefen aiki kafin a buga ta: suna, shekara, abin da aka yi shi da shi, girma. Ka duba haruffanmu masu lanƙwasa, na'ura takan cinye su. Ka nemi a sa bayanin da Hausa in a ƙasar Hausa ake nunin. Kuma idan marinan Ƙofar Mata ne suka rina maka yadin, ko wata tsohuwa ta saƙa faifan, ko maƙeri ya haɗa ƙarfen, sunansu ya fito kuma haƙƙinsu ya isa hannunsu kafin ranar buɗewa. Wanda ya tsaya gaban gumin wani yana karɓar yabo shi kaɗai ya ci amana.

Kada ka ja mai saye gefe ka ce ya same ka a gida da rahusa. Zauren ya biya haya da wuta da talla, kuma labarin zai kai musu.

Ranar saukewa ka zo da kanka, da takardar da kuka sa wa hannu, ka duba kowane aiki kafin a rufe akwati. Abin da aka sayar kuma kada ka bar sawunsa ya ɓace. Ben Enwonwu ya zana hoton da ake kira Tutu a 1974, aka yi shekaru da dama ba a san inda hoton yake ba, sai a 2017 ya ɓulla a wani gida a arewacin Landan, aka sayar da shi a 2018 a kan sama da fam miliyan 1. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, kowane aiki da shafinsa: hotonsa, girmansa, shekarar da ka yi shi, inda aka nuna shi, wanda ya saya, nawa, da ranar da kuɗin ya shigo hannunka.