Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Inshorar Bindiga

Ɗana, na ji ka karɓi lasisin yawo da bindiga a can Texas, kuma kamfanoni sun fara damunka da tallan inshorar lauya. Ba zan ja da kai a kan bindigar ba. Kai ke rufe shago ƙarfe biyun dare, kai ka san abin da idonka ke gani. Maganata a kan takardar da za ka sa wa hannu ce, domin ina tsoron ka saye ta don talla ya yi maka daɗi, ranar bukata kuma ka tarar ba kowa a bayanka.

Ka fara sanin abin da ake sayar maka. A Amurka, wanda ya harbi mutum don kare kansa yana iya fuskantar shari'a biyu. Ta farko hukuma ce ke tuhumarsa da laifi. Ta biyu wanda ya ji rauni ne, ko magadansa, ke neman diyya, kuma kuɓuta daga ta farkon ba kullum ke rufe ƙofar ta biyun ba. Bernhard Goetz ya harbi matasa huɗu a jirgin ƙasa na birnin New York a 1984. A 1987 aka wanke shi daga tuhumar yunƙurin kisa, amma a 1996 wata kotun ta ɗora masa diyyar dala miliyan 43. Kuɗin beli kaɗai na iya karya gida: na Kyle Rittenhouse, wanda shi ma ya harbi mutane a Wisconsin, dala miliyan 2 aka yanka a 2020, shekara guda kafin a wanke shi.

Sunayen da za ka fi ji su ne USCCA, da CCW Safe, da U.S. LawShield da ke can Houston. Ba zan zaɓar maka ba, don sharuɗɗansu na canzawa. Kuma ba duka ne inshora a idon doka ba. Wasu ƙungiya ce kake shiga, wasu kuɗin lauya ne kake biya tun kafin bukata. Idan zuciyarka na ɗar-ɗar game da halascin inshora, wannan bambancin shi za ka kai wa malaminku na masallaci.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: yaushe kuɗin ke fitowa? Akwai masu biyan lauya tun daren da aka kama ka. Akwai masu cewa ka biya da aljihunka, in an wanke ka su mayar maka. Wannan na biyun kamar laima ne da za a miƙo maka bayan an ɗauke ruwa. Mutum mai albashi irin naka ba shi da dubban dalolin da lauyan shari'ar kisa ke karɓa kafin ya buɗe fayil, kuma wanda ba shi da su yakan amsa laifin da bai yi ba don kawai ya huta.

Daga nan ka nemi layin da ke faɗin lokacin da za su janye. Ƙa'idar inshora ba ta yarda a kare mutum daga laifin da ya aikata da gangan ba. A kan wannan ne jihar New York ta ci kamfanin Lockton tarar dala miliyan 7 a 2018 saboda shirin inshorar bindiga Carry Guard na ƙungiyar masu bindiga ta NRA, kuma galibin irin waɗannan tsare-tsare ba a sayar da su a New York da New Jersey da jihar Washington. To wa ke yanke cewa abin da ka yi kare kai ne? Kotu ce, ko wani ma'aikacin kamfani da ya karanta rahoton 'yan sanda? In aka same ka da laifi, za su nemi ka dawo musu da abin da suka kashe? Za su bi ka zuwa ɗaukaka ƙara? Ka sa su amsa maka a rubuce. Sauran abubuwan, wato beli, da kuɗin ƙwararrun shaidu, da 'yancin zaɓar lauyan da ka aminta da shi, da ko kariyar ta shafi matarka, da ko tana binka in ka tsallaka wata jihar, ka duba su a zama ɗaya.

Akwai kuma abin da tallan ba zai faɗa maka ba, don ba da irinka a zuciya aka rubuta shi ba. Kai girin kat gare ka, ba ka zama ɗan ƙasa ba tukuna. Dokar shige da fice ta Amurka ta ba da damar korar baƙon da aka samu da laifin da ya shafi bindiga, ko da ƙarami ne. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ake yanke wa hukuncin laifi a ƙasar, amsa laifin suka yi bayan sasantawa da mai gabatar da ƙara. Sasantawar da za ta mayar da Ba'amurke gida ya kwana cikin iyalinsa, kai tana iya sa ka a jirgi, 'ya'yanka na Houston kana Kano. Tun 2010, a shari'ar Padilla da jihar Kentucky, Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauya ya gaya wa wanda yake karewa wannan haɗarin, amma gargaɗi daban, sanin mafita daban. Ka tambaye su ko za su biya lauyan shige da fice ya zauna tare da lauyan shari'ar. In suka ce a'a, ka nemi naka tun yanzu, ka ajiye lambarsa.

Wannan gargaɗin ya fi ƙarfi ga ƙaninka da ya zo da bizar karatu. Dokar tarayya ta hana masu irin wannan biza mallakar bindiga sai a wasu 'yan yanayi da ta keɓe, don haka kada ka ba shi taka ya riƙe ko na minti ɗaya, kuma kada ka bar ta a motar da yake ara.

Ka karɓi cikakkiyar yarjejeniyar, ba takardar talla ba, ka kai wa lauyan da ba ya cin komai daga kamfanin ya karanta maka. In ya gama, ka kira ni mu bi ta tare, matarka na zaune, domin ita ce za ta buga wayar in kai kana hannun 'yan sanda. Allah Ya tsare mu da ganin wannan daren.