Yadda Ake Gane Ƙwaron Ruwa Mai Gashin Fiffike da Bambancinsa da Ƙwarin Shinkafa

Gabatarwa

Manoman shinkafa da ke noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Dadin Kowa, wadda aka gina a kan kogin Gongola gabas da birnin Gombe, sukan ga wasu ƙananan ƙwari masu kama da faɗa-wuta suna taruwa a jikin fitila da daddare. Da yawa sukan ɗauka uwayen tsutsar kara ne, sai su garzaya sayen maganin feshi. Amma akwai ƙwaron ruwa mai gashin fiffike a cikin waɗannan ƙwari, wanda ba ya cin amfanin gona. Manufar wannan darasi ita ce malamin gona da manomi su iya tantance shi, domin kada a yi asarar kuɗi a kuma gurɓata ruwa a banza.

Matsayinsa a Rabe-raben Ƙwari

Masana suna rarraba ƙwari daki-daki, daga rukuni zuwa dangi, daga dangi zuwa zuriya, sannan iri.

1. Rukuni: Trichoptera. Wani masani ɗan Ingila, William Kirby, ya raɗa wannan suna a 1813 daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar gashi da fiffike. An san fiye da iri 16,000 a duniya. Rukunin da ya fi kusa da shi shi ne na faɗa-wuta da malam-buɗe-littafi, dalilin kamanninsu ke nan.

2. Dangi: Hydropsychidae. Tsutsotsin wannan dangi suna zaune a ruwa mai gudu, suna saƙa ƙaramar raga a jikin dutse don tace abinci.

3. Zuriya da iri: misali shi ne Amphipsyche senegalensis, wanda Friedrich Brauer ya bayyana a 1875. Sunansa na nuni da ƙasar Senegal, amma ana samun sa daga Afirka ta Yamma har zuwa Afirka ta Gabas. Wata zuriya da ta yawaita a kogunan yankinmu ita ce Cheumatopsyche.

Rayuwarsa

Uwa takan zuba ƙwai a cikin ruwa. Tsutsar da ta fito takan gina ɗan ɗaki da yashi da tsakuwa a jikin dutse, ta saƙa raga a bakinsa tana fuskantar inda ruwa ke zuwa. Bayan ta sake fata sau da dama, sai ta rufe ɗakin ta kwanta a ciki har ta rikiɗe ta fito da fiffike. Ƙasan madatsar ruwa da magudanan siminti na ban-ruwa su ne wuraren da wannan dangi ya fi yawa, saboda ruwan da ke fitowa daga tafki yana ɗauke da ƙananan halittun da suke ci.

Yadda Ake Bambanta Babban Ƙwaro da Faɗa-wuta

A kama ƙwaron a jikin fitila, a duba abubuwa uku:

a. Fiffike. A murza shi a hankali tsakanin yatsu. Na faɗa-wuta yakan bar gari a yatsa. Na ƙwaron ruwa yana da ɗan gashi ne kawai, ana kuma ganin jijiyoyinsa sarai.

b. Ƙahonni. Na ƙwaron ruwa sirara ne kamar zare, yakan miƙa su gaba idan ya sauka. A zuriyar Amphipsyche sun fi fiffikensa tsawo.

c. Baki. Yawancin faɗa-wuta suna da bututun tsotso a naɗe a ƙarƙashin kai. Ƙwaron ruwa ba shi da irin wannan bututu.

Yadda Ake Bambanta Tsutsarsa da Mai Naɗe Ganyen Shinkafa

Nan ne aka fi yin kuskure. Akwai tsutsar faɗa-wuta mai suna Nymphula depunctalis, wadda ke yi wa shinkafa ɓarna tun tana ƙarama har zuwa lokacin 'ya'ya. Takan yanke ganye ta naɗe shi kamar bututu ta shiga ciki, ta riƙa kankare koren ganye har ya yi fari. Alamarta ita ce guntayen ganye a naɗe suna yawo a kan ruwan fadama. Jikinta kore-kore ne mai taushi, tana da gajerun ƙafafu a ƙarƙashin cikinta ban da shida na gaba.

Ita kuwa tsutsar Hydropsychidae a ƙarƙashin dutse ake samun ta. Da gilashin ƙara girman abu za a ga:

1. Ƙafafu shida a ƙirji, babu ko ɗaya a tsakiyar ciki.
2. Faranti mai tauri a bayan kowace gaɓa uku ta ƙirji.
3. Geza mai rassa a ƙarƙashin ciki, wadda take numfashi da ita.
4. Ƙugiya biyu a ƙarshen jiki, kowace da tuntun gashi.

Idan waɗannan alamomi huɗu suka cika, an tabbatar da dangin. Tantance iri kuwa sai a ɗakin bincike, domin da siffar al'aurar namiji ake rarrabe iri da iri.

Ɗaukar Samfuri

A ɗaga dutse daga ruwa mai gudu, a wanke shi a cikin farin kwano. A tsinci tsutsotsin a zuba a ƙaramar kwalba mai sinadarin itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Manyan ƙwari ma a ciki ake ajiye su. A rubuta wuri da kwanan wata da fensir a kan 'yar takarda a saka cikin kwalbar, saboda tawadar biro tana narkewa. Daga nan a miƙa wa ofishin aikin gona mafi kusa don a aika wa masana ƙwari.

Amfaninsa

Tsutsotsin nan abincin kifi ne, suna kuma rage dattin da ruwa ke ɗauke da shi. Maganin ƙwari na kashe su da wuri. Saboda haka ne shirin yaƙi da makantar bakin kogi na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya gudana a Afirka ta Yamma daga 1974 zuwa 2002, ya riƙa ƙidaya su don auna illar maganin da ake zubawa a koguna. Idan suka ɓace daga magudanar da aka saba ganin su alhali ruwa bai ƙafe ba, ya kamata a bincika abin da ke shiga ruwan.

Shawarwari

1. Kada a yi feshi don an ga ƙwari a fitila. A shiga gona a nemi alamar ɓarna tukuna.
2. Idan an tabbatar da mai naɗe ganye, a janye ruwan fadama na kamar kwana uku, domin ba ta rayuwa sai da ruwa.
3. Kada a wanke injin feshi ko a jefa kwalbar magani a magudana ko kogi. Magunguna irin su cypermethrin guba ne ga kifi da ƙwarin ruwa.
4. A tuna cewa daga Dadin Kowa birnin Gombe ke samun ruwan sha, kuma masunta da makiyaya na amfani da kogin Gongola.

Duk manomin da ke da shakka ya kai wa malamin gona samfuri kafin ya sayi magani.