Kwale-kwale ko Kayak? Darasi Kan Zaɓen Jirgin Shaƙatawa a Ruwayen Kudancin Kaduna

Gabatarwa

Idan aka ce "jirgi" a Kafanchan, ba wanda hankalinsa zai tafi bakin kogi. Tun wajejen 1927 da layin dogo daga Fatakwal ya ratsa garin, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, jirgi a wurinmu na ƙasa ne. Amma ɗalibin Hausa ya san cewa faɗaɗa ma'ana aka yi wa kalmar. Jirgi na asali shi ne na ruwa, daga baya aka sami na ƙasa da na sama, har ta kai yanzu sai an ƙara "ruwa" kafin a gane na farkon ake nufi. Wannan muƙala za ta dubi ƙaramin jirgin da ake tuƙawa da hannu don shaƙatawa, da yadda ake zaɓensa, tare da kalmomin da suka shafe shi. Ra'ayina shi ne, kafin a dubi jirgi, a fara duban ruwan da za a sa shi.

Kalmomin sana'ar

Kwale-kwale shi ne ƙaramin jirgi buɗaɗɗe, na sassaƙa ko na katako. Wanda aka rarake daga gungumen itace guda ana kiransa komi, jam'insa komaye, kuma da wannan kalmar ake kiran abin da ake zuba wa dabbobi abinci da kuma fangalin lambu. Siffa ce ta haɗa su, kowannensu dogon rami ne mai riƙe abu. Abin tuƙi shi ne filafili, a ruwa mara zurfi kuwa doguwar sanda ake dogarawa a ƙasa a tura. Daga aikatau "tuƙa" aka sami tuƙi da matuƙi, kalmar da direban mota ya gada daga mai jirgi. Masunci mai kama kifi ne, Sarkawa kuwa su ne waɗanda su da ruwa sana'ar gado ce.

Akwai kalma ɗaya da take ba mu wahala, mu da Hausa ba harshenmu na farko ba ne, wato "fito". Ƙetarar da mutane a kogi fito ne. Busa iska da leɓe fito ne. Akwai giyar dawa da ake kira fito, ga kuma fito na fitowa daga ɗaki. A rubutu duk ɗaya suke, karin sauti da tsawon wasali ne suke raba su. Wanda ya je gaɓar kogi yana neman mai fito sai ya kula da harshensa, kada a nuna masa wani gida daban.

Kayak kuwa baƙuwar kalma ce da ta fito daga harshen mutanen Inuwit na yankin ƙanƙara a arewacin duniya. Da fatar dabbar teku suke rufe shi ruf, su bar ƙofa guda inda mafarauci zai zauna. Bature John MacGregor ne ya mai da irin wannan tuƙi abin nishaɗi a Ingila da jirginsa Rob Roy a 1865, kuma a 1936 tseren ya shiga gasar Olamfik a Balin. Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne, mai kayak yana zama ƙasa-ƙasa da miƙaƙƙun ƙafafu, filafilinsa mai baki biyu ne, mai kwale-kwale kuwa yana zama a kan benci ko ya durƙusa, filafilinsa baki ɗaya.

Kada wani ya ɗauka Turawa ne suka koya mana jirgi. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, a Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani komi da masana suka tono a 1994. Shekarunsa sun kai kimanin 8,000, tsawonsa mita 8.4, faɗinsa wajen rabin mita.

Wane ruwa?

Nan ne maganar take. Ruwayenmu ba irin na Yawuri ko Argungu ba ne, inda kogi yake da faɗi da yashi, har a yi tseren kwale-kwale a lokacin bikin kamun kifi. Rafukanmu daga tsaunukan Kagoro da gefen tudun Jos suke gangarowa, cike da duwatsu. Da rani wasu ko gwiwa ba su kai ba. A watannin Agusta da Satumba kuwa, ruwan da aka yi a kan dutse da rana yana iya cika rafi da yamma, ko da a inda kake ɗigo bai sauka ba. Matsirga, kusa da Madakiya, wurin kallo ne da ɗaukar hoto. Ruwan da yake faɗowa daga tsayin da ya haura mita 20 yana juyawa a ƙasa kamar ana tuƙa tuwo, ya riƙe duk abin da ya shiga. Haka ma ƙasan kowace ƙaramar madatsa. Ɗan koyo bai da abin yi da jirgi a irin waɗannan wurare, ko wane iri ne jirgin.

Abin da ya dace da mai shaƙatawa shi ne kwantaccen ruwa: tafki, ko wani gurbi mai faɗi a kogi bayan damina ta ja baya, ko babban ruwa irin na madatsar Gurara da ke shayar da Abuja, idan masu kula da wurin sun ba da izini. Sai dai babban ruwa yana da iska, kuma iska ta fi tura kwale-kwale saboda tsayin gefensa. Kayak da yake kwance dab da ruwa ya fi jure mata.

Siffar jirgi

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Dogon jirgi siriri yana da gudu kuma yana miƙewa sak, amma juya shi aiki ne, ga saurin tangaɗi. Komin Dufuna irin wannan ne, kuma sai gwani. Gajere mai faɗi ba ya sauri, amma yana zaune daram kuma yana juyawa da wuri. Kayak ɗin shaƙatawa yakan kai mita 3 zuwa 3 da rabi, na doguwar tafiya yakan haura mita 4 da rabi, kwale-kwalen mutum biyu kuwa wajen mita 5.

Sai a kifa jirgin a dubi gindinsa. Shimfiɗaɗɗen gindi yana ba ɗan koyo kwanciyar hankali a ruwa mai laushi, amma idan igiyar ruwa ta karkata shi ya wuce wani mizani, kifewa yake yi farat ɗaya. Gindi mai ɗan zagaye yana rawa tun daga gaɓa, har mutum ya tsorata, alhali shi ya fi dawowa daidai idan ya karkata. Ga tafki, na farkon ya isa.

Kayak iri biyu ne, wanda ake shiga cikinsa da wanda ake zama a kansa. A zafin ƙasarmu na fi son na biyun. Yana da ramuka da ruwa yake tsiyayewa ta ciki, kuma idan ya kife mutum zamewa kawai zai yi, ya juya shi ya sake hawa. Aibinsa shi ne jiƙewa, kuma jiƙewa a kwantaccen ruwa ba wasa ba ce, don a can katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya take zama. A tambayi mutanen gaɓa ko yaransu suna fitsarin jini. Idan suna yi, buɗaɗɗen kwale-kwale mai benci ya fi, a kuma rage tsoma ƙafa.

Katako ko roba

Kayak ɗin roba mai kauri yana jure karo da dutse, nauyinsa kuma yakan tsaya wajen kilo 20 zuwa 30, mutum biyu sa ɗora shi a kan mota. Maƙiyinsa rana ce, tana sa shi ya koɗe ya yi gautsi, don haka a inuwa ake ajiye shi. Idan na hannu za a saya, a danna gindinsa da tafin hannu, a duba inda aka riƙa jan sa a ƙasa. Na hurawa da iska yana shiga buhu, amma ƙaya da kaifin dutse ba su san tsadarsa ba.

Na katako shi ne wanda masassaƙanmu suka sani, gyaransa kuma kwalta ce da tsumma. Maɗaci yana da ƙarko amma da nauyi, rimi ba nauyi amma ba ya daɗewa. Irin wannan jirgi a ruwa yake kwana, idan aka bar shi a tudu ya bushe sai ya tsage. Saboda haka wanda gidansa yake nesa da gaɓa gara ya yi haya a wurin masunta, ya sami jirgi da malami a kuɗi ɗaya.

Kowane jirgi yana da iyakar kayansa, kuma kada a kusanci iyakar. A watan Yunin 2023 mutum fiye da 100 suka rasu a yankin Patigi ta Jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare a jirgin da aka cika maƙil. Kuɗin rigar kariya daga nutsewa cikin kuɗin jirgi yake, kuma a jiki ake ɗaure ta, ko ga wanda ya iya iyo. Kafin a biya, a gwada jirgin a ruwa mai kai ƙugu, a karkata shi da gangan, a ga inda yake kifewa.

Aiki ga 'yan aji biyu

Idan an je hutu, a tambayi dattawa yadda ake kiran komi, filafili, mashigi da fito a Jju, Tyap, Hyam ko wani harshen gida. A rubuta waɗanda suke da kalmar kansu a gefe guda, waɗanda aka aro daga Hausa a ɗaya gefen, a sa wa kowace karin sautinta, a kawo wa hukumar wannan mujalla kafin fitowa ta gaba.