Nasiha ga Mai Son Haruffan Ɗigo-ɗigo

'Yata, na ga fostocin da kike tsarawa, na kuma lura zuciyarki ta karkata ga haruffan nan masu kusurwa-kusurwa irin na tsofaffin wasannin kwamfuta. Allah ya yi wa hannunki albarka. Ina son su ni ma, shi ya sa nake so ki san asalinsu kafin ki ɗora musu nauyin da ba nasu ba.

Ba ƙawa ce ta haifi waɗannan haruffa ba, ƙarancin wuri ne. A zamanin wasanni irin su Space Invaders na 1978 da Pac-Man na 1980, ƙwaƙwalwar na'ura kaɗan ce ƙwarai, don haka kowane harafi ana ba shi fili mai gida 8 a tsaye, 8 a kwance, gida 64 ke nan. Kowane gida ko a kunne yake ko a kashe. A cikinsu ma sai an bar layi guda a gefe da guda a ƙasa, don kada harafi ya manne wa maƙwabcinsa. Aikin ya yi kama da na mai ɗinkin hula da ke ƙirga zare: ya kuskure gida ɗaya, zanen ya karkace. Da Susan Kare ta zana salon Chicago domin kwamfutar Macintosh ta 1984, ta bar kowane harafi ya ci faɗin da ya dace da shi, "i" siriri, "m" mai faɗi. Ya karantu sosai har kamfanin Apple ya sake ɗauko shi a iPod na farko a 2001. Mu a nan, yawancinmu a fuskar Nokia 3310 muka saba da irin wannan rubutu, fuskar da gaba ɗayanta ɗigo 84 ne a kwance, 48 a tsaye, amma a kanta aka yi ta aika saƙon gaisuwa da na ciniki.

To, tunda a ƙirge aka haife su, a ƙirge za ki yi aiki da su. Salo irin Press Start 2P, wanda aka kwaikwayo daga haruffan wasannin Namco na shekarun 1980, an gina shi a kan gida 8. Ki ba shi girman 8, ko 16, ko 24, ko 32. Kika ba shi 13 ko 19, sai kwamfuta ta shiga raba ɗigo gida biyu, bakin harafin ya yi hazo, wata ƙafar ta fi wata kauri. Kada kuma ki ja shi ta gefe don ya cika fili. Abin da ke ba shi kyau shi ne kowane ɗigo murabba'i ne daidai da ɗan'uwansa.

Wurin irin wannan salo shi ne kanun fosta, sunan shago, tambari, gaban riga, sunan wasa. Kalma biyu ko uku, manya, da sarari a kewaye. Dogon bayani kuwa ki ba wa salo mai laushi, domin ido yana gajiya da hawa matakala a kowane harafi, balle idon dattijo. Ki yi hattara da lambar waya da lambar asusun banki. A ƙaramin fili, 0 da O sukan yi kama, haka 8 da B, haka 1 da l. Mai biyan kuɗi bai kamata ya tsaya yana canka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Da yawa daga cikin waɗannan salo an zana su ne ba a san da mu ba. Kina buga ƙ sai kwamfuta ta aro shi daga wani salo dabam, ya tsaya a tsakiyar kalma sumul, 'yan'uwansa kuwa masu kusurwa. Wasu sai su haƙura su cire lanƙwasar, "baƙi" ya koma "baki" a katin biki. Kada ki yi haka, 'yata. Kafin ki zaɓi salo, ki fara buga haruffan nan huɗu, manya da ƙanana, ki gani. GNU Unifont, wanda aka fara a 1998, yana da su, kuma tsayinsa na gida 16 ya ba lanƙwasar wurin sakewa. In kuma wanda kike so ba shi da su, ki duba lasisinsa. Da yawa na kyauta sun yarda a gyara a ƙara. Ki samo takarda mai gida-gida, irin wadda Kare ta yi zanenta na farko a kai, ki zauna da fensir. Za ki tarar ɗigo biyu kan isa lanƙwasar ƙ, ɗaya a saman sandar, ɗaya a damarta. Ta ɗ ta fi wuya, domin sandarta tana bakin fili ta dama, sai kin matso da cikin harafin hagu kafin ki samar mata wuri. In kin gama, ki buga a takarda, ki manna a bango, ki kira wanda bai san aikin ba ya karanta miki daga bakin ƙofa.