Ido, Haske Da Majigi: Abin Lura Kafin A Sayi Na'urar Haska Hoto

A wani rani da ya wuce, wata ƙungiyar manoman albasa da tafarnuwa a ƙasar Wurno ta gayyace ni in yi wa 'ya'yanta bayani a kan cututtukan da ke lalata albasa a gona da wajen ajiya. Wasu 'yan kasuwa masu sayar da iri da maganin feshi su ma sun zo da nasu hotunan, da fatan a yi ciniki bayan an tashi. Ƙungiyar ta yi karo-karo ta sayi sabon majigi domin irin wannan taro, a jikin kwalinsa an rubuta lumen 8,000 da manyan baƙaƙe. Da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe aka kunna shi, tagogin zauren a buɗe saboda zafi. Na sa hoton ganyen albasa mai tabon shunayya, ina ta bayani, sai wani dattijo daga can baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, mu dai farin bango muke gani." Da baki muka ƙarasa taron.

Irin wannan asara tana iya samun kowace makaranta ko ƙungiya ko kamfani a Wurno da Rabah da Goronyo, domin yanzu kowa yana son ya nuna bayaninsa a bango. Abin da nake so ɗalibi da malami su fahimta shi ne, zaɓen majigi ba daga kanti yake farawa ba. Daga ɗakin da za a yi aiki da shi ake farawa, da kuma idon mutumin da zai zauna a kujerar ƙarshe.

Dalilin da ya sa majigin dā ya yi aiki

Ita kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan da Turawan Ingila suka ba wata tsohuwar fitilar haska hoto, wato fitilar sihiri, wadda ake danganta ƙirƙiro ta ga masanin nan ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, wajen shekarar 1659. A ƙasar Hausa kuwa sunan ya bi motocin silima na gwamnati, waɗanda suke yawo gari-gari tun zamanin mulkin mallaka. A 1939 aka kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da Ingila ke mulka, ƙarƙashin William Sellers, wanda dā ma'aikacin kiwon lafiya ne a Legas. Iyayenmu har yanzu suna ba da labarin Baban Larai, wanda ya koyar da noman zamani, da hotunan rangadin Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah. To, mai karatu ya lura da abu guda: masu majigin nan ba su taɓa kafa farin ƙyallensu da rana ba. Sai bayan almuru, a filin ƙofar fada ko na makaranta. Duhun dare shi ne rabin kayan aikinsu.

Yadda ido ke gani

A bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai karɓar haske, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin halitta iri biyu. Akwai masu siffar sanda, kimanin miliyan 120, su ne ke aiki a cikin duhu amma ba su rarrabe launi. Akwai kuma masu tsini kamar mazurari, kimanin miliyan 6, su ne ke ganin launi da ƙananan abubuwa, amma sai da wadataccen haske. Waɗannan na biyu kashi uku ne, wasu sun fi jin ja, wasu kore, wasu shuɗi. Wannan ne ya sa kowane majigi, ko na wane kamfani ne, da launuka ukun nan yake haɗa duk sauran launukan da muke gani a bango.

Ido ba ma'aunin haske ba ne irin na ɗakin gwaji. Abin da yake yi shi ne kwatanta wuri mai haske da wuri mai duhu da ke kusa da shi. Kafar da ke tsakiyar baƙin ido takan tsuke zuwa wajen milimita 2 a cikin rana, ta buɗe har wajen milimita 8 a cikin duhu, shi kuma tantanin yakan daidaita kansa da hasken wurin. Saboda haka fitilar hannu da ke kashe ido da dare, da tsakar rana da ƙyar a san tana kunne.

A nan ne babbar matsalar majigi take. Majigi yana iya ƙara haske a bango, amma ba ya iya haska baƙi. Baƙin da kake gani a cikin hoton ba komai ba ne illa bangon nan da kansa, a wurin da na'urar ba ta jefa haske ba. Idan hasken taga ya riga ya wanke bangon, to baƙin hoton ya zama fari-fari ke nan, rubutu da tabon ganye duk su dushe.

Lissafin da ya kamata a yi

Da lumen ake auna jimlar hasken da ke fita daga na'ura. Da lukus kuma ake auna hasken da ya sauka a kan wuri, lukus ɗaya shi ne lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Hasken farin wata a daren sha huɗu bai kai lukus 1 ba, hasken rana tsaka kuwa yana kai wa lukus 100,000.

Alal misali, a ce muna son hoto mai faɗin mita 2 da tsawon mita 1.5, wato murabba'in mita 3. Majigi mai lumen 3,000 na gaskiya zai zuba lukus 1,000 a wurin da hoton ya fi fari. Idan hasken ɗaki da ke sauka a bangon lukus 200 ne, farin hoton ya zama 1,200, baƙinsa 200. Fari ya ninka baƙi sau 6 ke nan. Manyan baƙaƙe za su karantu, amma hoton ƙwayar zazzabin cizon sauro a cikin jini ba zai fito da kyau ba. Yanzu a rufe tagogin da ke kusa da bangon da labule mai kauri ko tabarma, hasken ya sauko zuwa lukus 50. Fari ya zama 1,050, baƙi 50, wato ninki 21. Wanda ya ƙi sa labule, ya ce shi da ƙarfin na'ura zai sami ninki 21 ɗin nan, sai ya nemi majigi mai lumen 12,000, irin na manyan ɗakunan taro, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin makarantunmu. Tabarma huɗu sun yi aikin lumen 9,000.

Haka kuma duk wanda ya ja majigi baya domin hoto ya ƙara girma, ya sani haske yake rabawa. Hoto mai mita 4 da mita 3 ya ninka na farko sau huɗu a fili, saboda haka haskensa ya koma lukus 250 kacal.

Sai batun lambar da ke jikin kwali. Akwai hanyar awo da aka amince da ita, inda ake raba hoton gida tara, a auna hasken tsakiyar kowane gida, a fitar da matsakaici. Lumen da aka auna ta haka akan rubuta ANSI ko ISO kusa da shi. Ƙananan majigai masu araha da suka cika kasuwa sau da yawa ba su bin wannan hanya, sai su rubuta dubbai alhali abin da ke isa bango 'yan ɗaruruwa ne. Hanya mai sauƙi ta gane su ita ce a juya na'urar a karanta wutar da take ci. Majigi mai ƙwan fitila da ke ba da lumen 3,000 yakan ci wajen wat 300. Wanda yake cin wat 60 ya ce yana ba da lumen 8,000, ka san akwai magana. Irinsa ne muka gamu da shi a taron da na ambata. Lambar nan ta bambancin fari da baƙi da ake rubutawa, kamar 15,000 bisa 1, ita ma kada ta ruɗi kowa, a cikin ɗaki mai duhu ƙirin aka auna ta.

Girman hoto da mutumin baya

Masu shirya ɗakunan taro suna da ƙa'idar da suke bi: idan rubutu za a karanta, kada nisan kujerar ƙarshe ya wuce tsawon hoton sau shida. Aji mai zurfin mita 9 yana bukatar hoto mai tsawon mita 1.5. Shi ma rubutun yana da nasa awo. A allon gwajin ido na asibiti, baƙin da lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 6 tsawonsa kusan milimita 9 ne. Daga mita 9 ya zama kusan milimita 13, kuma wannan iyakar ƙoƙarin ido ke nan. Domin a karanta ba tare da wahala ba, musamman da yake akwai dattawa a kowane taro, ni nakan ninka shi uku, wato kowane baƙi ya kai santimita 4 a bango.

Yawan ɗigon da ke haɗa hoto bai kai haske muhimmanci ba. Mai ɗigo 1,024 a faɗi, idan aka shimfiɗa shi a mita 2, kowane ɗigo kusan milimita 2 ne, kuma daga mita 7 ido ba ya rarrabe shi. Mai 1,280 da 800 ya ishi aji, mai 1,920 da 1,080 ya fi dacewa da wanda zai nuna jadawalin lissafin kuɗi mai ƙananan lambobi. Abin da ya wuce haka ado ne. A dai duba takardar na'urar a ga nisan da take bukata daga bango, a kuma tabbata tana da kafar HDMI, domin yawancin sababbin kwamfutoci sun daina zuwa da tsohuwar kafar VGA.

Ƙura da zafi da wuta

Ta fuskar yadda suke haɗa hoto, majigan kasuwa galibi iri biyu ne. Masu LCD uku suna raba farin haske gida uku, kowane launi ya ratsa nasa ɗan gilashi, sannan su sake haɗuwa. Masu DLP kuwa, fasahar da Larry Hornbeck ya ƙirƙiro a kamfanin Texas Instruments a 1987, suna aiki ne da ɗimbin ƙananan madubai masu motsi, kowane madubi ɗigo guda, kuma a yawancinsu wani faifai mai launuka ne ke juyawa a gaban fitila. A farashi ɗaya, masu LCD uku sukan fi fitar da launi da ƙarfi, abin da malamin ilmin halittu ke so idan zai nuna dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya a wuraren noman rani irin na madatsar Goronyo. Sai dai iskar da ke sanyaya su tana bi ta kusa da gilasan, saboda haka suna da rariyar tace ƙura wadda dole a riƙa sharewa. Masu DLP da yawa hanyar haskensu a rufe take. A ƙasar da hunturu ke rufe ta da ƙura wata uku ko fiye, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ganina, wurin da ba a da wani takamaiman mutum mai kula da na'urar, gara a ɗauki mai rufaffen ciki.

Zafi ma abin dubawa ne. Da yawa daga cikin na'urorin nan an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ko 40 ba, ga shi a watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yakan haura 40. Kada a ɗora majigi a kan matashi ko darduma, kada a jingina shi da bango ta wajen da fankarsa ke fitar da iska.

Fitilar ciki ita ma iri-iri ce. Ƙwan fitila na gargajiya yakan yi sa'o'i 'yan dubbai, yana dushewa a hankali, sannan a sayi wani da tsada. Yana ɗauke da sinadarin makuri mai guba, don haka ba a fasa shi, ba a kuma bar wa yara shi. Yana ɗaukar zafi ƙwarai, shi ya sa fanka ke ci gaba da juyawa bayan an kashe, kuma ɗaukewar wuta farat ɗaya a kai a kai tana rage masa kwana. Masu fitilar LED ko leza kamfanoni sukan ƙiyasta musu sa'o'i 20,000, suna kamawa nan take, ba su kuma damu da yawan kunnawa da kashewa ba. Sun fi tsada ranar saye, amma inda wuta ba ta da tabbas su zan zaɓa in akwai hali.

Mai dogara da sola ya yi nasa lissafin. Majigi mai wat 300 a taron sa'a biyu zai sha wat-sa'a 600. Batir mai bolt 12 da amfiya-sa'a 100 yana riƙe 1,200, kuma irin na darma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa. Taro ɗaya ya cinye rabon batirin ke nan, ba a ma sa kwamfuta da fanka a lissafi ba. Idan kuwa mahalarta ba su wuce goma sha biyar ba, kamar taron shugabannin ƙungiya ko ganawa da masu saye a ofis, talabijin mai inci 55 ya fi majigi. Tsawon fuskarsa kusan santimita 68 ne, ya ishi wanda ke zaune a mita 4, baƙinsa ba ya wankewa da hasken taga kamar na bango, wutar da yake ci kuma ba ta kai ta majigi mai ƙwai ba.

Aiki domin aji

Yawancin wayoyin hannu na zamani suna da ma'aunin haske a gabansu, kuma akwai manhajoji na kyauta da ke nuna awon da lukus. Awon ba cikakke ba ne, amma ya isa wannan aiki. Malami ya raba ɗalibai rukuni uku. Rukunin farko su auna hasken da ke sauka a bangon gaba da ƙarfe 8 da 11 da kuma 2 na rana, tagogi a buɗe, wayar tana jingine da bango tana fuskantar aji. Na biyu su maimaita awon bayan an rufe tagogi biyu na gaba da tabarma. Na uku su auna nisan kujerar ƙarshe, su raba shi da shida su fitar da tsawon hoton da ake bukata, sannan su lissafa filinsa. Daga nan kowane ɗalibi ya fitar da yawan lumen da zai sa fari ya ninka baƙi sau 15 a kowane lokaci daga cikin ukun. Takardar da ta fito daga wannan aiki ita shugaban makaranta zai riƙe ranar da zai tafi kasuwar Sakkwato ko Kano, kuma ya nemi mai kanti ya kunna masa na'urar da rana, ƙofar shago a buɗe, kafin ya biya.