Kayan Aikin Mai Zane da Kwamfuta: Me Za Ka Fara Saya?

Matasan da ke son shiga sana'armu ta zane da kwamfuta, daga nan Gwiwa har Roni da Babura, tambayarsu kusan ɗaya ce: wace kwamfuta zan saya? Amsar da nake bayarwa kullum ita ce, ka fara duba irin aikin da ake kawowa a ƙasarmu. Katin ɗaurin aure ne, da fastar 'yan siyasa, da kalandar Maulidi, da takardar saukar karatu ta Islamiyya, da allon shago. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar na'urar miliyoyi.

Wuta ce farko. Kwamfuta mai tsada ba ta da amfani ranar da ango ke tsaye a kanka, batiri ya mutu, wutar KEDCO kuma babu labarinta. Ƙaramar sola da batiri mai kyau su ya kamata su ci kuɗinka na farko. Bayan nan sai laftof, ko ta hannu ce, muddin RAM ɗinta ya kai 8GB kuma tana da SSD. In za ka saya a titin Beirut a Kano, ka tafi da wanda ya san kan abin, a gwada batiri da allo a gabanka. Ka tanadar mata jaka saboda ƙurar hunturu.

Manhaja kuwa, yawancin masu buga aiki a Kano da CorelDRAW suka saba, don haka ka iya shi. Photoshop tun 2013 kamfanin Adobe ya mai da shi na biyan kuɗi wata-wata, shi ya sa mutane ke rububin na sata, wanda sau da yawa yake zuwa da cutar da ke lalata aikin mutum gaba ɗaya. Ga Inkscape da GIMP da Krita, kyauta ne halak malak. Wanda waya kawai gare shi ya fara da Canva ko PixelLab, ba abin kunya ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne haruffanmu masu lanƙwasa: ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin salon rubutu masu ƙawa ba su da su. Sai ka ga an buga katin biki ɗari biyar, inda ya kamata a ga ɗaurin aure an sami wani ɗan akwati a madadin harafin, ko an rubuta sunan gari ba daidai ba. Ka sauke salon rubutu irin su Noto ko Andika ko Charis, duk suna ɗauke da haruffan Hausa. Kafin ka kai aiki wurin bugu, ka mai da rubutun ya zama zane a cikin CorelDRAW, don kada kwamfutar mai bugu ta sauya maka shi.

Launi ma haka. Allo da haske yake nuna launi, injin bugu kuwa tawada huɗu yake haɗawa, don haka ka saita aikinka a CMYK tun farko, hotuna kuma su kai dpi 300. Kada ka tura hoto ta WhatsApp kai tsaye, matse shi yake yi. Ka tura shi a matsayin fayil.

Mai son karatun abin sosai, ga Kazaure kusa, akwai Kwalejin Hussaini Adamu da cibiyar fasahar sadarwa ta jiha. Allon zane na alƙalami irin na Wacom ko Huion kuwa ya jira, sai ranar da ka fara zanen hannu ana biyanka a kai.