Amsoshin Tambayoyinku: Warin Bodarin Amurka Ya Ƙi Barin Gida

Tambaya: Ina zaune a jihar Ohayo ta Amurka, aikina kula da wata tsohuwa a gidanta. Tana da kare da take ji da shi kamar ɗan cikinta. Daren Talata na buɗe masa ƙofar baya ya fita, ko minti biyar bai yi ba ya dawo a guje yana atishawa yana murza fuska a kafet, ya haye kujera, ya goga jikinsa a abayata. Nan take wari ya cika gidan, kamar an ƙona taya an haɗa da ruɓaɓɓen ƙwai da tafarnuwa. Maƙwabta sun ce wata dabba ce da suke kira sikonk ta fesa masa. Na yi masa wanka sau uku, har da ruwan tumatir kamar yadda aka ce mini, na turara gidan da turaren wutan da na zo da shi daga Maiduguri, amma da ya ɗan jiƙe sai warin ya dawo sabo. Don Allah mece ce mafita? Daga wata 'yar'uwa a Ohayo.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri bisa riƙon tsohuwar nan. Ki kwantar da hankalinki, abin yana da magani, kuma kayan haɗin duk suna kantin unguwarku, ba su da tsada.

Dabbar da kika yi karo da aikinta ba baƙuwa ba ce ƙwarai ga Bahaushe. Duk wanda ya tashi a karkara ya san bodari, baƙi mai ratsin fari, wanda in ya shiga akurkin kaji da dare warinsa ne ke tada masu gida kafin kukan kajin. Na Amurka ya fi namu jiki, ya kai kyanwa babba, kuma masana sun raba musu dangi, amma makaminsu iri ɗaya ne. Abin da muke kira tusar bodari ba iska ba ce. Wani mai ne rawaya da ke taruwa a cikin jakunkuna biyu a gindin wutsiya, kuma dabbar na iya harba shi daidai inda ta nufa daga nisan mita 3. Ba ta gaggawar yin haka, domin in ta juye abin da ke jakar takan ɗauki kamar kwana 10 kafin ta sake cikawa. Sai ta fara buga ƙafafun gaba a ƙasa, ta ɗaga wutsiya, ta juyo baya. Mutum ya ga haka ja da baya yake yi. Kare kuwa matsawa yake ya shinshina, shi ya sa kusan kullum a fuska da ƙirji yake kwasa.

Nan ne nake so ki tsaya ki fahimce ni, domin in kin gane wannan kin gane sauran. Warin yana fitowa ne daga wasu sinadarai masu ɗauke da farar wuta, waɗanda ake kira tayol. Danginsu ɗaya da abin da ake zubawa a gas ɗin girki don in tukunya tana yoyo hanci ya sanar da ke, kuma hancin ɗan Adam yana jin su ko da ɗan mitsitsi ne a cikin iska. Wani masanin sinadarai mai suna William Wood na jami'ar Humboldt da ke Kalifoniya ya bincika man nan a 1990, ya nuna cewa ban da waɗannan masu warin akwai wasu 'yan'uwansu da ke kwance lamo a cikin gashi, warinsu bai kai ya kawo ba. Da ruwa ya taɓa su sai su rikiɗe su zama masu warin. To kin ji sirrin abin da ya ɗaure miki kai. Duk wankan da kika yi masa da ruwa zalla ko sabulun wanka, tada na kwance kika yi. Ga shi kuma mai ne, ruwa ba ya ɗauke mai, baza shi yake yi.

Ruwan tumatir kuwa canfi ne da ya daɗe a Amurka. Abin da ke faruwa shi ne, in hanci ya daɗe yana shaƙar wari ɗaya sai ya gaji ya daina jin sa, ya koma jin ƙamshin tumatir. Mai wankan ya ɗauka ya yi nasara, baƙon da ya shigo daga waje kuwa ya toshe hanci. Haka turaren wuta. Ni kaina mai son turare ne, kuma na san darajar na Barno, amma a nan asararsa kika yi. Lulluɓe warin yake yi na ɗan lokaci, hayaƙin ya lafa, a wayi gari da wari biyu a cakuɗe cikin labule. Ki adana shi sai an gama aiki.

Maganin gaskiya shi ne a canza sinadarin kansa ya koma abin da ba ya wari. Wani masanin sinadarai a jihar Ilinoi, Paul Krebaum, shi ya fito da haɗin a mujallar Chemical & Engineering News a 1993, kuma har yau shi likitocin dabbobi ke ba mutane. Ki sami haidurojin na wanke ciwo, wannan mai kumfa da ake sayarwa a kwalba mai ruwan ƙasa, wanda aka rubuta kashi 3 cikin 100 a jikinsa, kimanin lita 1. Ki zuba masa bekin soda cokali 4 na cin abinci, da sabulun ruwa na wanke-wanke ƙaramin cokali 1 ko 2. Ki lura, bekin soda na ce, ba baƙar hodar da ake sa wa cincin da kek ba, kuma kanwa ba ta maye gurbinta. Haidurojin ɗin ya zama sabuwar kwalba, domin wadda aka daɗe da buɗewa ta riga ta sane. Sabulun shi ke narkar da man, sodar ta zaburar da haidurojin ya saki iskar oksijin, ita kuma ta kama sinadarin ta kashe masa wari.

A buɗaɗɗen bokiti za ki haɗa, ki yi amfani da shi nan take yana cikin tsiyayar kumfa. Kada ki kuskura ki ɗura shi a kwalba ki rufe don gobe, iskar da yake fitarwa tana iya fasa kwalbar. Abin da ya rage ki ƙara masa ruwa ki zubar.

Ki sa safar hannu ta roba da tsofaffin kaya. Kada ki jiƙa karen tukuna. A busasshen gashi za ki cuɗa haɗin da soso har ya kai fata, musamman wuya da ƙirji da ƙafafun gaba. Fuskar kuwa da tsumma za ki bi a hankali, ki kiyaye ido da baki da cikin kunne, domin yana da zafi a ido, in ya haɗiya kuma zai sa shi amai. Ki bar shi minti 5, ki ɗauraye da ruwa mai ɗumi sosai, sannan ki bi da sabulun wankan kare. Tunda an kwana biyu, mai yiwuwa sai kin maimaita sau biyu ko uku. In gashinsa baƙi ne zai iya ɗan koɗewa ya yi ja-ja, ki gaya wa tsohuwar tun kafin ki fara don kada hankalinta ya tashi. Abin wuyansa kuma, in na fata ne ko na zare, ki jefar a sayi wani. Sau da yawa shi ke riƙe warin bayan an gama wahala da karen.

Sai gidan. Ki buɗe tagogi, ki sa fanka ta fuskanci waje ta riƙa fitar da iska. Gidajen can suna da injin ɗumama ɗaki da sanyaya shi mai zagaya iska ta bututu, to a canza matacin iskarsa, in ba haka ba shi zai yi ta raba warin ɗaki-ɗaki. Ki zuba ruwan khal fari, wato binega, a 'yan kwanoni ki ajiye a kusurwoyi kwana ɗaya ko biyu, inda kare ba zai kai ba. Abayarki da barguna da rigunan filo ki wanke da ruwa mafi zafi da yadin zai iya ɗauka, da omo da rabin kofi na bekin soda. Kada ki sa su a injin busar da kaya sai kin shinshina kin tabbatar warin ya tafi, domin zafin injin yana daɗa kama shi a zare. Shanya a rana da iska, irin tamu ta gida, ta fi. Haɗin haidurojin kada ya kusanci baƙar abaya ko atamfa, zai cinye launi. Kafet da kujera ki fara gwada shi a wani lungu da ido ba ya kaiwa. In launi ya motsa, ki koma ga binega da ruwa, in ya bushe ki barbaɗa soda ta kwana, ki zuƙe da injin shara. Dakalin siminti ko katakon ƙofar baya, bilic kofi 1 a ruwa kofi 9 ya isa. Amma don girman Allah kada ki haɗa bilic da binega ko da wani maganin goge-goge mai amoniya. Iskar da ke tashi daga haɗin guba ce, ga ki da tsohuwa a gida.

Akwai abin da ya fi warin muhimmanci, shi ne lafiyar karen da taku. Ki duba jikinsa da kyau ko akwai cizo ko yaƙushi. Dabbar nan tana cikin manyan masu ɗauke da cutar haukan kare a Amurka. Feshin ba ya yaɗa cutar, cizo da yawu ne ke yaɗa ta. In kin ga rauni, ko ba a tabbatar allurar rigakafinsa tana kan lokaci ba, a kai shi wurin likitan dabbobi yau ɗin nan. Idonsa in ya yi ja yana hawaye, ki wanke da ruwa mai tsabta ko ruwan wanke ido. Akan samu kuma, ko da yake ba kasafai ba, karen da ya sha feshi mai yawa jininsa ya lalace cikin 'yan kwanaki. Alamarsa kasala, ƙin cin abinci, dasashi ya yi fari ko ruwan ƙasa, fitsari ya yi duhu. Wannan ba na jira ba ne.

Don gaba, dabbar da magariba da asuba take yawo, kuma ta fi fitowa a watannin Fabrairu da Maris lokacin barbararta. Kafin ki buɗe wa kare ƙofa da dare ki kunna fitilar waje, ki ɗan yi motsi, ki jira kaɗan. Kada a bar abincinsa a waje, a rufe kwandon shara ruf, a kuma sa a duba ƙarƙashin dakali ko ta yi rami a can.

Kuma ki riƙe wannan, 'yar'uwa: in wata rana kin ji irin warin nan a cikin gida alhali kare bai fita ba, babu kuma alamar dabba, kada ki kunna wuta ko ki taɓa makunnin lantarki. Ki fitar da tsohuwar waje, daga can ki kira kamfanin gas ko 911. Allah ya tsare, ya ba ki ladan aikinki.